Wai dizal ragowar fetur ne? Muhawara kan asalin man da yadda ake haɗa shi

Sagiru
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ke yawo a bakin direbobi da masu janareta, wai dizal ba mai ba ne mai zaman kansa, ragowar fetur ne. Cewa suke idan matata ta gama kwashe mai kyau, abin da ya kwanta a gindin tanki shi ake ɗura wa manyan motoci. Masana a taimaka mana, haka ne? Sannan tun farko ma daga ina yake fitowa, rijiyarsa daban ce ko kuwa?

Kabiru Sarkin Musu
Wannan ai ba sai an taso masana ba. Dube shi da idonka mana. Ya fi fetur kauri, ya fi shi wari, ya fi shi hayaƙi, in ya zuba maka a hannu sai ka nemi sabulu. Me ya rage kuma? Fetur shi ne mai, sauran tarkace ne.

Injiniya Lawal
Wa alaikumus salam. Malam Kabiru, ka yanke hukunci tun kafin a kira shaidu.

Sagiru ƙanena, babu rijiyar dizal, babu ta fetur. Abin da ke fitowa daga ƙasa ɗanyen mai ne, shi kuwa ɗanyen mai ba abu guda ba ne, cakuɗen dubban sinadarai ne waɗanda kusan dukkansu kabon da haidirojin suka gina su. Abin da ya raba su shi ne girman ƙwaya. Wata kabon biyar ko shida ne a sarƙe, wata goma sha shida, wata ta haura hamsin. Ƙarama da ta ji zafi kaɗan sai ta zama tururi, babba kuwa sai ta sha wuta sosai. A kan wannan bambancin aka kafa matata gaba ɗayanta.

Da ɗanyen mai ya iso, ba wuta ake fara kai shi ba, wanka ake fara yi masa. Yana zuwa da gishiri da ruwa da laka, in aka bar su za su cinye bututu. Sai a gauraya shi da ruwa mai tsafta, a wuce da shi cikin wani tanki mai ƙarfin lantarki da ke sa ɗigon ruwan su haɗu su kwanta ƙasa da gishirin. Daga nan sai tanderu, a dafa shi ya kai wajen digiri 350 zuwa 370 a ma'aunin Selshiyos, a tura shi cikin doguwar hasumiyar nan da kuke gani a hoton kowace matata. Cikinta faranti ne hawa-hawa, gommai, kowanne da 'yan ƙofofin da tururi ke bi. Gindinta zafi, samanta da sauƙi. Tururi yana hawa yana hucewa, kowane kaso ya koma ruwa a hawan da zafinsa ya dace da shi. Can ƙoli iskar gas ke fita. Ƙasa da ita nafta, wadda daga ita ake yin fetur. Sai kananzir da man jirgin sama. Sai dizal, wanda ke tafasa tsakanin digiri 200 da 350 ko kusa da haka, akasarin ƙwayoyinsa masu kabon 10 zuwa 20 da 'yan kai. Daga kuiɓin hasumiyar ake zuƙo shi. Abin da ya ƙi tashi ya kwanta a gindi wani abu ne daban, baƙi ƙirin mai kauri, daga shi ake samun man tanderu da na manyan jiragen ruwa da kwalta.

Kuma duka a lokaci guda suke fita, dare da rana. Babu wani zancen a gama kwashe fetur tukuna.

Kabiru Sarkin Musu
To ai ga shi ka faɗa da bakinka, Injiniya, yana ƙasa da fetur. Na sama shi ne zaɓaɓɓe.

Injiniya Lawal
In hawa ne daraja, to iskar gas ta fi fetur ke nan. Hasali ma in ana maganar wanda ya fito daga hasumiya dab da kammala, dizal ne. Naftar da ake zuƙowa ba ta zubuwa a mota haka nan, oktan ɗinta, wato ma'aunin juriyar mai ga kamawa da kansa kafin lokaci, ya yi ƙasa, inji zai yi ta ƙwanƙwasa har ya lalace. Sai an kai ta wani sashe an sauya fasalin ƙwayoyinta a kan katalis (abin da ke hanzarta sauyin sinadarai) mai filatinam, an haɗa ta da abubuwan da suka fito daga wasu sassan, sannan ta zama fetur. Shi kuwa dizal ɗin da ya fito kai tsaye daga hasumiya galibi yana zuwa da halinsa na kamawa da kyau. Babbar wahalarsa farar wutar da ke jikinsa ce.

Nura
Afuwan in na mai da ku baya. Shi ɗanyen man fa? Mu dai tun muna yara muke jin cewa gawarwakin dabbobin nan ne na da can, dinoso, suka narke suka zama mai.

Malama Rukayya
Malam Nura, wannan labarin ya yi farin jini amma ba haka ba ne. Akasarin man duniya daga halittun da ido ba ya gani yake, ƙananan tsirrai da ƙwayoyin halitta masu yawo a ruwan teku da manyan tafkuna, da gansakuka. Suna mutuwa suna zuba ƙasan ruwa. A mafi yawan wurare ruɓewa suke yi, shi ke nan. Amma inda ƙasan ruwan ba iskar oksijin, ba abin da zai cinye su, sai su cakuɗe da laka su zauna. Laka ta hau kan laka, shekaru miliyoyi, har lakar farko ta zama dutse, abin da ke cikinta ya zama wani daskararren abu da muke kira kerojin.

Kerojin ba mai ba ne tukuna, sai ya dahu. Kowace kilomita da aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da wajen digiri 25 zuwa 30. Idan dutsen ya nutse ya kai inda zafi ke tsakanin digiri 60 da 120, wato galibi zurfin kilomita biyu zuwa huɗu, sai kerojin ya fara farfashewa yana tsatsar da mai. In ya zarce nan sosai, man ma farfashewa yake yi ya koma iskar gas. Shi ya sa wata rijiya mai take bayarwa, wata gas, wata kuma ba komai, don dutsen nata bai dahu ba.

Sannan ku cire hoton tafki a ƙarƙashin ƙasa daga ranku. Idan aka haƙo gutsuren dutsen da mai ke ciki aka ɗora maka a tafin hannu, dutse ne sosai, mai nauyi, launin ƙasa-ƙasa. Sai ka kai shi hanci ka ji warin mai, ko ka goga shi a farar takarda ka ga ya bar tabo. Man yana cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashin ne. Da yake ya fi ruwa sauƙi, yana barin dutsen da ya haife shi ya yi ta hawa, har ya ci karo da wani shimfiɗaɗɗen dutse marar ƙofa, kamar na yumɓu ko na gishiri, ya taru a ƙarƙashinsa. Nan ake nema. Filin Gawar na Saudiyya, wanda aka gano a 1948, shi ne mafi girman filin mai na tudu a duniya, kuma man nasa a cikin farin dutse yake, wanda asalinsa ƙasan wani teku ne marar zurfi fiye da shekaru miliyan 145 da suka wuce.

Kabiru Sarkin Musu
Malama, wa ya ga an yi? Rashawa sun ce ƙasa ce ke haifar da mai daga cikinta, ba ruwansa da wasu matattun ƙwari, kuma ba ya ƙarewa. Kamfanoni ne ke ɓoye zancen don a riƙa tsoron ƙarewarsa.

Malama Rukayya
Ba wanda ya ɓoye shi, Malam, a littattafan ɗalibai ma yana nan. Mendeleyef, mutumin da ya tsara jadawalin sinadarai, ya kawo wannan ra'ayin tun 1877, masanan Tarayyar Sobiyet suka raya shi, daga baya Thomas Gold ya ɗauke shi a Amurka. Har gwada shi aka yi. A ƙarshen shekarun 1980 an haƙa rami mai zurfin fiye da kilomita shida a cikin dutsen giranit a yankin Siljan na ƙasar Suwidin, ba a samu abin sayarwa ba.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce ana samun iskar mitan da ba halitta ce ta yi ta ba, kaɗan a duniyarmu, da yawa a wasu duniyoyin. Amma ɗanyen mai yana ɗauke da shaidar asalinsa a jikinsa. Tun shekarun 1930 wani Bajamushe, Alfred Treibs, ya tsamo daga cikin mai wasu ƙwayoyi da suke ragowar sinadarin nan da ke sa ganye ya zama kore. Yau har ana iya ɗaukar mai a ce ga dutsen da ya haife shi, ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyin. Kuma masu zuba biliyoyi a haƙa ba don son ra'ayin kowa suke yi ba, inda tsohuwar laka take nan suke bi, don nan suke samu.

Oga Ɗanliti
Ni ban san dutse ba, inji na sani. Kabiru, kaurin nan da kake raina shi ne amfanin man. Injin dizal ba shi da fulogi. Iska zalla fistin ke matsewa, ya ninke ta sau goma sha biyar zuwa ashirin. Ka taɓa taɓa gindin famfon keke bayan ka gama ba taya iska ka ji ya yi zafi? To haka, sai dai a cikin silinda zafin ya wuce digiri 500. A daidai lokacin nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ke nan ana son man da zai kama nan take da ya ji zafi da matsi. Fetur kuwa an gina shi ne don ya ƙi kamawa har sai fulogi ya ba shi wuta. Halinsu kishiyar juna ne.

Sannan famfon mai da nozul ba baƙin mai ke jiƙa su ba, shi dizal ɗin ne da kansa, da santsin nan da ke sa ka nemi sabulu. Wanda aka zuba wa fetur a motar dizal ta zamani ya ja ta, in muka kwance gidan tacewa muka tsiyaye man a farin kwano muka haska tocila, sai ka ga wasu 'yan ƙyalli-ƙyalli suna yawo a ciki. Garin ƙarfe ne, famfo ya ci kansa. A lokacin ba famfo kaɗai za a canza ba, har nozul da bututai, a wanke tanki, don garin ya zaga ko'ina.

Hajiya Binta
Oga Ɗanliti ya kawo mu inda nake jira. Wannan saurin kamawar mu masu gwajin mai muna auna shi, shi ne lambar sitan. An ɗauki wani sinadari mai kabon 16 a miƙe sambal aka ba shi maki 100, ana gwada mai da shi a wani inji na musamman. Ƙa'idar Tarayyar Turai, EN 590, ta ce kada ya gaza 51. Ta Amurka ta tsaya a 40. Mai ƙarancin sitan shi ne wanda inji ke wahalar tashi da safe, ya yi ta ƙara, ya yi farin hayaƙi.

Abin da nake so Sagiru ya riƙe shi ne, a wurinmu ba a kiran mai dizal don ya fito daga wani bututu. Sai ya ci jarrabawa. Nauyinsa, a ƙa'idar Turai, tsakanin giram 820 da 845 kowace lita. Kaurinsa. Ruwan da ke ciki. Farar wuta. Da zafin da tururinsa ke fara kama wuta. Wannan na ƙarshen gwaji ne mai sauƙin gani: a zuba man a ɗan kofin tagulla mai murfi, a riƙa ɗumama shi a hankali ana motsawa, lokaci-lokaci a buɗe 'yar taga a leƙa da ɗan harshen wuta. Sa'ar da ka ga wuta ta yi wal a cikin kofin ta mutu, ka duba ma'aunin zafi. Dizal na ƙwarai sai ya haura digiri 55. Fetur kuwa ko a digiri 40 ƙasa da sifili tururinsa kamawa yake. Don haka fetur kaɗan in ya shiga tankin dizal, wannan gwajin ne ke fara tona asiri.

Baba Audu
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Injin ya girmi man. Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a Faris a 1858, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1893, injinsa ya yi aiki yadda ake so a 1897 a birnin Augsburg. A lokacin babu wani mai mai wannan suna. Shi da farko har garin kwal ya yi tunanin ƙonawa, gwaje-gwajen kuma da kananzir da makamantansa aka yi. A baje kolin Faris na 1900 an nuna wani injin irin nasa yana aiki da man gyaɗa. A zamanin kananzir ne sarkin kasuwa saboda fitila. Sai da kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927 injin ya samu shiga manyan motoci sosai, matatu suka fara yanka masa kasonsa da gangan. Shi kansa Diesel bai ga wannan ba, a 1913 ya ɓace daga jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila.

Kabiru Sarkin Musu
Baba, tunda har man gyaɗa yana ci, ai magana ta fito. Inji ne mai cin komai, shi ya sa ake ba shi ragowa.

Oga Ɗanliti
Na 1900 ke cin komai. Zuba wa na yau ka gani. Matsin da ke cikin bututun mansa ya kai baa 2,000, wato kusan ninkin matsin iskar da muke shaƙa sau 2,000, ramin nozul ɗinsa ya kusa sirantar gashi.

Sagiru
Allah ya saka da alheri, ana ta ƙaruwa. Injiniya, to ganga ɗaya lita nawa na dizal take bayarwa? Kuma in dizal ya yi ƙaranci, me zai hana matata ta daina fetur ta juye duka zuwa dizal?

Injiniya Lawal
Ganga lita 159 ce, wato galan 42 na Amurka. Amsar ta danganta da abu biyu: wane irin ɗanyen mai, kuma wace irin matata. A Amurka, inda aka gina matatu don fetur, ganga kan ba da galan 19 zuwa 20 na fetur da 11 zuwa 13 na dizal da danginsa. A Turai kason dizal ya fi haka, kuma duk da haka bai ishe su ba, shekara da shekaru suna sayo dizal suna fitar da fetur. Shi ya sa haramta shigo da tataccen man Rasha da Tarayyar Turai ta yi a Fabrairun 2023 ya fi taɓa dizal.

Ɗanyen mai iri-iri ne. Akwai marar nauyi mai ƙarancin farar wuta, irin Brent na Tekun Arewa. Akwai mai nauyi mai yawan farar wuta, irin Maya na Meziko ko na yankin Orinoko a Benezuwela, wanda in aka dafa shi kaso mai yawa a gindi yake zama. Hasumiya ba ta ƙirƙirar komai, rarrabawa kawai take yi. In babu dizal da yawa a cikin abin da ka ba ta, ba za ta haifo shi ba.

Kuma ba za ka ƙara wuta don ka tilasta wa na gindin ya tashi ba. Da ka wuce digiri 370 da wani abu, man zai fara ƙonewa a cikin bututun tanderu, ya bar gawayi ya toshe shi. Dabarar ita ce a kai ragowar wata hasumiya ta biyu wadda aka zuƙe iskar cikinta. Inda matsi ya yi ƙasa, abu kan tafasa da zafi kaɗan. A nan ake samun wani mai mai nauyi, wanda ya fi dizal tsawon ƙwaya.

Daga nan aikin fasawa ya fara, kuma a nan matatu suke rabuwa. Hanya ɗaya ita ce a haɗa wannan man da katalis mai laushi kamar gari, mai zafin wajen digiri 500, na 'yan daƙiƙu. An fara wannan a Baton Rouge ta Amurka a 1942, lokacin yaƙi. Fetur yake bayarwa da yawa, amma abin da yake fitarwa a mazaunin dizal ba shi da kyau, sitan ɗinsa a tsakanin 20 da 30 yake, sai an gyara shi ko an sirka kaɗan. Hanya ta biyu ita ce a fasa shi a cikin haidirojin, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau ɗari ko fiye. Wannan sashen tsada gare shi, bangon tukunyarsa ƙarfe ne mai kaurin fiye da taƙi, amma dizal da man jirgin da yake fitarwa garau suke. Matatar da ke da shi tana iya karkata zuwa dizal. Wadda ba ta da shi, abin da za ta iya bai wuce ta ɗan matsa iyakar yanka ba, ta ɗan ci cikin kananzir ta sama, ta ɗan ci cikin mai nauyi ta ƙasa. Wannan 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari. Gina sabon sashe kuwa aikin shekaru ne.

Wani abin kuma, ganga mai galan 42 tana fitar da kusan galan 45 na kaya. Ba sihiri ba ne, ƙwayoyin da aka fasa sun fi cin wuri.

Nura
Farar wutar nan da kuke ta ambata, mene ne laifinta?

Hajiya Binta
In ta ƙone tana zama iskar da ke haɗuwa da danshi ta koma asid, a cikin inji da kuma a sararin sama. Tana ƙara baƙin hayaƙi, tana kashe na'urorin tace hayaƙi da ake sa wa motocin zamani. Shi ya sa Amurka ta sauko da ita zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, Turai zuwa kashi 10 cikin miliyan a 2009. Ka kwatanta da dizal ɗin da ya fito daga ɗanyen mai mai yawan farar wuta, wanda kan zo da kashi 10,000 cikin miliyan ko fiye. Jiragen ruwa ma an rage musu daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5 a farkon 2020.

Yadda ake cire ta: a haɗa dizal da haidirojin, a ɗumama su wajen digiri 300 zuwa 400, a bi da su ta cikin tukunya cike da 'yan ƙwayoyin katalis na kobal ko nikel da molibdinam. Haidirojin ya fizge farar wutar, su zama iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kisa. Ita kuma a kai ta wani sashe a mai da ita farar wuta tsantsa, rawaya. Tulin rawayan nan da ake gani a gefen manyan matatu ita ce, kuma akasarinta asid ake yi da ita don haɗa takin zamani.

Sai dai gyaran ya zo da nasa ciwon. Wankin haidirojin yana tafiya da wasu sinadaran da ke ba man santsi. Da Suwidin ta fara sayar da dizal mai ƙarancin farar wuta a farkon shekarun 1990, famfunan motoci sun yi ta lalacewa. Tun daga nan ake zuba masa sinadarin santsi kafin ya bar matata ko daffo, kuma akwai gwajinsa daban. Masu cewa farar wutar ce ke jiƙa famfo sun ɗan kauce, abokan tafiyarta ne.

Aminu Ɗalibi
Iyayena da yayyena, a yi mini uzuri. Duk bayanin nan a kan ɗanyen mai yake, alhali yanzu akwai dizal da bai taɓa ganin rijiya ba.

Injiniya Lawal
Gaskiyarka, ɗana, kawo abin da ka sani.

Aminu Ɗalibi
Iri uku na sani. Na farko a ɗauki man tsirrai ko kitse ko man suya da aka gama da shi, a haɗa da metanol da ɗan sinadarin soda mai ƙarfi, a ɗumama wajen digiri 60. In ya kwanta sai ya rabu biyu, gilisarin a ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin goma, man a sama. Shi ake sirkawa, B7 da ake rubutawa a famfunan Turai na nufin har kashi 7 cikin ɗari. Indonesiya da man ja take yi, ta kai kashi 35 a 2023.

Na biyu, man tsirran dai, amma a bi da shi ta haidirojin kamar yadda Hajiya ta bayyana. Abin da ke fita ƙwayoyinsa irin na dizal ne sak, ana iya zuba shi zalla. Kamfanin Neste na Finlan ya fara shi a 2007.

Na uku ya fi tsufa. Franz Fischer da Hans Tropsch suka gano shi a Jamus a shekarun 1920: a mai da kwal ko iskar gas zuwa haɗin haidirojin da kabon monoksaid, sannan a ɗinke su a kan katalis na ƙarfe ko kobal su zama dogayen sarƙoƙi. Jamus ta yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, Sasol ta Afirka ta Kudu tun 1955, Katar kuma tana da babbar masana'antar Pearl da ta fara aiki a 2011. Dizal ɗinsa fari tas kamar ruwa, sitan ya haura 70.

Injiniya Lawal
Madalla. Abin da zan ƙara kawai, kada a ɗauka waɗannan sun kusa ture ɗanyen mai. Duka-duka kaso kaɗan ne na abin da duniya ke ƙonawa. Kuma na kwal ɗin nan, in aka lissafa hayaƙin da masana'antar ta fitar kafin man ya iso tanki, ya fi na rijiya ɓarna nesa ba kusa ba. Na tsirrai kuma rigimarsa gonaki da dazuzzuka.

Kabiru Sarkin Musu
Yauwa, fari tas! Ashe na ƙwarai fari ne. Wanda muke gani rawaya-rawaya ko mai duhu fa? Ku dai ba kwa son a ce na yi gaskiya.

Hajiya Binta
Malam Kabiru, launi ba ya cikin manyan shaidu. Dizal lafiyayye yana iya zama fari, ko ruwan zuma, ko ya ɗan yi kore-kore, gwargwadon ɗanyen man da sassan da ya bi. Wani ma rina shi ake yi da gangan. A Ingila da Amurka ana zuba jan rini a dizal ɗin taraktocin gona da wasu injinan da ba sa hawa titi, don harajinsa daban ne, jami'ai su gane in an karkatar da shi. Man iri ɗaya ne.

Abin da ido zai iya gaya maka shi ne wannan: zuba shi a kwalba mai haske ka ɗaga. In ka ga garau, to. In ka ga hazo-hazo, ruwa ne, ko kuma sanyi ya sa kakin da ke cikinsa ya fara fitowa. Wannan kakin shi ne dalilin da ya sa ƙasashe masu sanyi suke da dizal na hunturu daban da na bazara, ana rage masa dogayen ƙwayoyi a ƙara masa sinadarin hana daskarewa, in ba haka ba ya toshe gidan tacewa mota ta mutu a hanya.

Sagiru
Hajiya, tambaya ta ƙarshe daga ni. Masu ajiye shi a tanki saboda janareta, yana lalacewa ne in ya daɗe?

Hajiya Binta
Yana lalacewa. A tanki mai tsafta, a rufe, a inuwa, yakan yi wata shida zuwa shekara ba matsala. Bayan haka iska tana sa shi ya yi duhu ya fara fitar da danƙo, kuma wanda aka sirka da na tsirrai ya fi saurin yi. Amma babban abokin gabarsa ruwa ne. Tankin da ba a cika ba yana shaƙar iska mai danshi, dare ya yi raɓa ta taru a bangonsa ta gangara gindi. A daidai inda ruwan ya haɗu da man wasu ƙwayoyin cuta da fumfuna ke zama, suna cin man suna barin baƙin kumfa mai yauƙi, su kuma ci ƙarfen tankin ta ƙasa.

Oga Ɗanliti
Shi ne wanda muke samu ya naɗe gidan tacewa, mai shi ya ce an sayar masa da gurɓataccen mai, alhali a tankinsa abin ya tsiro. A riƙa cika tanki, a sa masa famfon tsiyaya a gindi, duk wata a buɗe a zubar da ruwan har sai mai zalla ya fara fita. Bututun da ke jan mai zuwa inji kuma kada ya taɓa gindin tanki, a ɗaga shi sama kaɗan.